Sharhi: Karnukan da ke gararamba a titi, a gidajen mutane aka haife su

Duk unguwar da aka ga karnuka shida ko bakwai sun yi dafifi a ƙofar wani gida, suna haushi suna yayyaga juna har asuba, ba sai an tambaya ba, akwai karya a gidan da ta shiga lokacin barbara. Maƙwabta su yi ƙorafi, yara su yi ta jifa, masu zuwa masallaci da duku-duku su sauya hanya. Bayan mako biyu ko uku sai a ji tsit, kowa ya manta.

Wata biyu bayan nan sai ga 'yan kwikwiyo shida ko takwas a bayan gida, mai gida yana neman wanda zai karɓa ko da kyauta ne. Waɗanda ba su samu mai so ba, a zuba su a kwali da daddare a ajiye a bola ko a bakin kasuwa. Wasu su mutu. Waɗanda suka yi rai su ne gobe za a gani a mayanka da bayan gidajen abinci, ba mai su, ba allurar rigakafi, su ma suna haihuwa.

Matsalar tsaro ta sa masu ajiye kare sun ƙaru, musamman a sababbin unguwanni na gefen gari da gidajen gona, ban da makiyaya da mafarauta da suka gaji abin tun kaka da kakanni. Sai dai mutum zai kashe kuɗi ya sayi kare, ya gina masa keji, ya riƙa saya masa abinci, amma maganar haihuwarsa ta zama abin jin nauyi. Ba a tambayar likita, ba a yi wa mai gadi bayani, ana dai jira a ga abin da Allah zai yi. Alhali abin da ake buƙata bai wuce tsaro na mako uku zuwa huɗu ba, sau biyu a shekara, ko kuma tiyata sau ɗaya a rayuwar dabbar. Wanda ba zai iya ɗaya daga cikin biyun ba, bai kamata ya ajiye karya ba.

Tsayawar jini ba ita ce ƙarshe ba

Karya takan fara neman namiji tana da wata 6 zuwa shekara ɗaya, manyan nau'o'i irin su Rottweiler da Boerboel kuma kan jinkirta har wata 18 ko shekara 2. Daga nan abin yakan dawo kusan duk bayan wata 6. Akwai nau'o'in Afirka da galibi sau ɗaya suke yi a shekara, kamar Basenji na yankin Kongo da Azawak, karen farautar Buzaye na Nijar da Mali. Kuma karya ba ta daina haihuwa don ta tsufa kamar yadda ake gani a mutane. Tsohuwa tukuf ma tana iya ɗaukar ciki, sai dai ta fi shan wuya.

Alamar farko ita ce kumburin al'aura da ɗigon jini. Takan yawaita fitsari kaɗan-kaɗan, tana yawan lasar jikinta, wata ta zama mai shige wa mutane, wata kuma ta zama mai faɗa. Wannan mataki yakan ɗauki kimanin kwana 9, kodayake yana iya gajarta zuwa kwana 3 ko ya kai 17. A cikinsa ne maza ke fara taruwa, domin ƙanshin da ke cikin fitsarinta ne ke kiransu. Amma ita a lokacin ba ta yarda. Namiji ya matso, ta zauna a ƙasa ko ta kai masa cizo.

A nan ne masu karnuka da dama ke yin kuskuren da ke jawo musu ciki. Suna ganin jini sai su kulle ta, suna ganin jinin ya ragu ko ya koma ruwa-ruwa mai launin ɗorawa-ɗorawa, sai su ce ta gama, su sake ta. To wannan lokacin ne ainihin lokacin barbarar. A cikinsa ne ƙwai ke sauka, a cikinsa ne take kautar da wutsiya gefe idan an shafa bayanta, kuma ita da kanta take neman hanyar fita. Shi ma yakan kai kwana 9 a matsakaici, wani lokaci har mako 3. Ke nan an tsare ta a kwanakin da ko an sake ta korar maza za ta yi, an kuma buɗe mata ƙofa a kwanakin da take nemansu.

Akwai ƙarin abin lura. Maniyyin kare yana iya rayuwa a jikin mace har kusan mako guda, don haka haɗuwa ɗaya tak, ko da kafin saukar ƙwai ne, ta isa. Haihuwa ɗaya ma tana iya kasancewa ta ubanni biyu ko uku, shi ya sa ake ganin 'yan kwikwiyo ciki ɗaya amma kamar ba su haɗa komai ba.

Lissafi mafi sauƙi shi ne a rubuta ranar da aka fara ganin jini, a waya ko a jikin bango, a ƙirga kwana 21 cif. Idan an kai nan kumburin bai saɓe ba, ko maza ba su daina sintiri a ƙofar gida ba, a ƙara mako guda. Ranar da aka rubuta za ta kuma yi amfani nan da wata 6, domin ba za a yi wa mutum ba-zata ba.

Sarƙa ba tsaro ba ce

Mutane da yawa idan an ce su tsare karya, sai su ɗaure ta da sarƙa a gindin bishiya a tsakar gida. Wannan riƙe wa namiji ita kawai aka yi. Kare mai neman barbara yana haura katangar da ba a zata ba, yana tona ƙarƙashin get, yana kutsawa ta rariya, danga ko zana kuwa ba komai ba ce a wurinsa. An sha ganin barbara ta tsakanin ƙarafan keji masu faɗi. Abin da ke aiki shi ne ɗaki ko keji mai rufi, mai daɓen siminti, mai ƙofar da ake kullewa, kuma mutum ɗaya ne ke riƙe da mabuɗin.

Batun mabuɗin ba ƙarami ba ne. A gidan da ke da yara da masu aiki da baƙi masu shige da fice, minti biyu na barin ƙofa a buɗe ya wadatar. Dole mai gida ya kira mai gadi da yaran gida ya yi musu bayani ƙarara, ya ajiye kunya a gefe.

Masu karyar gadi su ne suka fi shiga tsaka mai wuya, domin da dare ake sakinta, da dare kuma maza suka fi yawo. Gaskiyar ita ce a waɗannan makonni ba gadi take yi ba, hankalinta yana waje. Gara a bar ta a keji kusa da ƙofa, haushinta zai ci gaba da aiki. Mafarauci kuma ya haƙura da fita da ita daji har ta gama, in ba haka ba karnukan ayarin gaba ɗaya za su bar zomo su koma faɗa da juna.

Idan akwai namiji a gidan, a raba su da ƙofa biyu, ko a kai shi wani gida na ɗan lokaci. Kare bai san uwa ko 'ya ko ƙanwa ba a wannan fage. Wandon da ake sayarwa na sa wa karya kuwa don tare jini aka yi shi, ba ya hana komai.

Tsarewa kuma ba azabtarwa ba ce. A watannin Maris da Afrilu zafi a Sakkwato da Maiduguri da Kano yakan haura digiri 40, keji mai rufin kwano a tsakiyar rana yana iya kashe kare cikin sa'o'i kaɗan. Tana buƙatar inuwa, iska, ruwa a kowane lokaci, da fitowa da igiya safe da yamma a cikin gida ta miƙe ƙafa ta yi bayan gida. Musulmi ya san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. A riƙa wanke inda ta yi fitsari da ruwa da sabulu, hakan yana rage ƙanshin da ke tara maza, kodayake ba ya kawar da shi gaba ɗaya.

Idan an riga an makara

Abin da aka saba gani idan karnuka suka manne shi ne yara su taru da duwatsu da sanduna, wani ya watsa ruwa, wani ya ja wutsiya. Wannan zalunci ne, kuma ihu ne bayan hari. Mannewar na faruwa ne saboda wani sashe na gaban namijin yana kumbura a ciki, sai ya saɓe da kansa suke rabuwa, galibi cikin minti 5 zuwa 30. Raba su da ƙarfi yana yaga jikin macen ko ya ji wa namijin rauni, ga haɗarin cizo ga mai rabawa. Kuma kafin su kai ga mannewa maniyyi ya riga ya shiga. Abin yi shi ne a kore yara, a bar su su rabu, a mayar da ita keji, a ci gaba da tsaro domin za ta sake karɓar wani, sannan a nemi likitan dabbobi.

Cikin karya yakan ɗauki kimanin kwana 63. Daga mako na 4 ana iya tabbatar da shi ta hanyar sikanin. Akwai allura mai suna Alizin da ake yi sau biyu, tsakaninsu awa 24, wadda ke ɓarar da cikin matuƙar bai wuce kwana 45 ba, kuma ta fi aiki da sauƙi idan an yi da wuri. Ba kowane asibiti ke ajiye ta ba. Ana kuma iya yin tiyatar cire mahaifa a farkon cikin, a huta gaba ɗaya.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne karya tana iya yin cikin ƙarya. Wata ɗaya da rabi zuwa uku bayan barbara, ko da namiji bai taɓa ta ba, sai nononta ya kawo ruwa, ta riƙa tara tsummoki tana kwanciya a kai. Galibi yakan wuce da kansa cikin makonni.

Ciki ba shi kaɗai ake ɗaukowa a waje ba. Akwai wata irin kansa da karnuka ke shafa wa juna ta barbara, wadda ta yawaita a ƙasashe masu zafi inda karnuka ke yawo sakaka, har da Najeriya. Tsiro ne ja mai ɓurɓushi da ke fitowa a al'aura yana zubar da jini. Mai kare sai ya ɗauka barbara ce ta ƙi ƙarewa. Duk jinin da ya wuce wata guda, a kai ta asibiti. Abin daɗin shi ne wannan tsiro yana jin magani, allurar binkiristin sau ɗaya a mako na wasu makonni takan warkar da shi.

Allurar kemis

Hanyar da ta fi jan hankalin mai neman sauƙi ita ce ya je kemis ya sayo allurar tazarar haihuwa ta mata irin su Depo-Provera, a danna wa karya. Takan hana barbarar, shi ya sa maganar ke yaɗuwa daga baki zuwa baki. Abin da ba a faɗa shi ne sinadarin da ke cikinta yana kumbura bangon mahaifar karya, ya share fagen taruwar mugunya a ciki, ban da ƙarin haɗarin ƙari a nono da ciwon suga. Haka tsofaffin alluran da ake yi bayan barbara masu sinadarin istirojin, su ma suna jawo wannan ciwo na mahaifa, suna kuma iya lalata ɓargon da ke samar da jini.

Taruwar mugunya a mahaifa, wadda likitoci ke kira fayometira, ko ba allura tana kama karnukan da ba a yi wa tiyata ba. Wani bincike a ƙasar Suwidin ya gano kusan kashi 25 cikin 100 nasu suna kamuwa kafin su kai shekara 10. Takan bayyana mako 4 zuwa 8 bayan barbara: karya ta daina cin abinci, ta riƙa shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, amai, kasala, wani lokaci mugunya mai wari na fita, wani lokaci kuma ba ta fita sai ciki ya kumbura. Na biyun ya fi kisa. Ba a kwana da irin wannan a gida, maganinsa galibi tiyatar gaggawa ce, wadda ta fi ta lafiya tsada da haɗari.

Tiyata, da abin da ake tsoro a cikinta

Ga wanda ba kiwon karnuka yake yi don sayarwa ba, tiyatar cire mahaifa da ƙwayayen haihuwa ita ce mafita. Barbara ta ƙare, taron maza ya ƙare, fayometira ta kau, haɗarin kansar nono kuma yakan ragu idan an yi da ƙuruciya. Ciwon yakan warke cikin kwana 10 zuwa 14. Likitoci sun fi son a yi ta wata 2 zuwa 3 bayan barbara, saboda a tsakiyar barbara jijiyoyin mahaifa a cike suke da jini.

Tana da nata illolin, ba a ɓoye su. Wasu kan yi ƙiba idan ba a rage musu abinci ba, wasu kaɗan kan samu yoyon fitsari a gaba, wanda ke da magani. A manyan nau'o'i, yin ta kafin ƙashi ya gama girma yana iya shafar gaɓoɓi, don haka likita ne zai tsayar da lokaci. Amma cewa wai dole sai karya ta haihu sau ɗaya don lafiyarta, ba shi da tushe. Cewa kuma za ta daina gadi, shi ma haka, kishin gida ba a mahaifa yake ba.

Ta fuskar addini, malamai sun yi saɓani kan hana dabba haihuwa, da dama kuma sun halatta idan akwai maslaha ko kawar da cuta. Bahaushe bai taɓa ganin laifin dandaƙe bunsuru ko fiɗiye sa ba. Zubar da jarirai bakwai a bola su mutu da ƙishirwa kuwa ba a ji malamin da ya halatta shi ba. Masu karnuka maza su ma ba su fita ba. Kowane kare da ke kwana a ƙofar maƙwabci yana da gidan da ya fito, kuma fiɗiyar namiji ta fi tiyatar mace sauƙi da araha.

Abin ya wuce gidan mai kare

Wanda bai taɓa ajiye kare ba, bai ma son ganinsa, yana iya cewa ba ruwansa. Da ruwansa, saboda cutar haukar kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan duka ta cizon kare ne, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamomi sun bayyana, da wuya a tsira. Taron maza a ƙofar karya taro ne na karnukan unguwanni daban-daban da ke cizon juna, a kan hanyar da yara ke bi zuwa makaranta. Duk wanda kare ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a wuce asibiti ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Babban makamin yaƙi da cutar shi ne rigakafi. Idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. An gwada a Njamena, babban birnin Chadi, a 2012 da 2013, an kai wannan adadi, cutar ta ɓace a karnukan birnin na tsawon watanni kafin ta sake shigowa daga waje. Hana haihuwa kaɗai ba ya kawar da haukar kare. Amma kowace haihuwar da ba a shirya mata ba tana ƙara karnukan da ba su da allura, ta rage kason da aka sha wahalar kaiwa. Karya ɗaya mai haihuwar 6 sau biyu a shekara tana zuba 12 a unguwa.

Abin da hukumomi suka saba yi idan an ciji mutane shi ne a fito a harbe ko a zuba guba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa kisan karnuka barkatai ba ya magance cutar. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba: bola tana nan, mayanka tana nan, karnukan gidaje suna ci gaba da haihuwa, gurbin ya cike cikin watanni. Sau da yawa ma har da masu allura ake kashewa.

Najeriya tana cikin ƙasashen da suka rungumi burin kawar da mutuwar mutane ta haukar kare nan da 2030. Tana da Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tun 1924, tana da asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, a 2024 kuma aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya. Sai dai hankalin sashen dabbobi a jihohin Arewa ya fi karkata ga shanu da tumaki da kaji, abin da ba laifi ba ne, nan ne arziki yake. Illar ita ce mai karya a ƙaramar hukuma mai nisa da birni, ko yana son tiyata, sai ya yi doguwar tafiya kafin ya samu likitan da ke da kayan aiki da maganin sa barci. Irinsa ne ke ƙarewa a kemis.

Kowace ranar 28 ga Satumba ana bikin ranar yaƙi da haukar kare ta duniya, jihohi da ƙungiyoyin likitocin dabbobi kan yi allura kyauta. Ya kamata a haɗa da tiyata mai rahusa, a fita da ita daga harabar ma'aikata zuwa ƙananan hukumomi, a yi amfani da ɗaliban ajin ƙarshe ƙarƙashin kulawar malamansu. A nemi sarakunan farauta da masu unguwanni, su ne suka san gidan da ke da karya. Gidajen rediyo da ke da filin noma da kiwo su ware ko da minti goma su bayyana wa jama'a cewa tsayawar jini ba ta nufin an gama.

Wanda kuma karyarsa ta riga ta haihu, nauyin 'ya'yan yana wuyansa har su kai mako 8 a gaban uwarsu, a ba su maganin tsutsar ciki, a kuma samo musu gidajen da aka sani. Allurar haukar kare ta farko ana yin ta ne suna da wata 3, sai a gaya wa duk wanda ya karɓa ranar da aka haife su. Uwar kuma, da zarar an yaye su nononta ya ƙafe, lokacin kai ta wurin likita ya yi, tun kafin wata barbarar ta zagayo.